Na Ɗinke Shi a Cikin Rigar Kunama

Sallama gare ku masu bin labarina. Yau na iso wurin da na daɗe ina kewayewa, don haka wadda ta san zuciyarta ba ta da ƙarfi ta ajiye wayar ta sha ruwa tukuna. Na ga saƙonninku, na ga masu cewa Babana mugu ne, har wata ta rubuto wai da ita ce da tuni ta bar masa gidan. To, 'yar uwa, karanta na yau ki gama, sannan ki sake rubuto mini.

Ga sababbin zuwa: sunana Tsahara, a Birnin Konni aka haife ni, kuma abin da zan ba ku ya faru ne a shekarar 1992, ina da shekara goma sha tara. Babana Malam Abarshi tela ne, mai ɗinka manyan riguna yana kai su kasuwannin ƙauye. Wanda nake so kuwa Rabilu ne, lebura a kamfanin siminti na Malbaza, ƙato baƙi mai wushirya, wanda in ya yi dariya sai 'yan makwabta sun leƙo.

Matsalar Rabilu ɗaya ce, wasa. Shi ne mai ɗaga buhun siminti da haƙori, shi ne mai dirowa daga saman babbar mota ya yi alkafura biyu kafin ya taɓa ƙasa. Baba kuma ya tsani duk wani wasan nuna ƙarfi, don ƙaninsa ɗan tauri ne, a gaban idonsa wuƙa ta shige shi a filin wasa, shi ya tattara hanjinsa da hannu. Ranar da baffannin Rabilu suka kawo goro da akwatin kayan baiko, Baba ya karɓa, amma ya kafa sharaɗi biyu. Ina bayan ƙyaure ina saurare.

"Na ba shi ita," in ji Baba. "Amma shi bar wasa daga yau. Kuma kada shi gane ta, kada ta gane shi, sai an ɗaura bayan Sallar Layya. In ɗaya daga cikinsu ya saɓa, kayanku na nan wada kunka kawo su, ko zare ba mu taɓawa."

Aka shafa fatiha a kan haka. Akwatin nan Inna ta ɗora shi a kan kabad ɗinta, ta rufe shi da zanen gado mai furanni. Kullum in na shiga shara sai na ɗaga zanen na shinshina ƙamshin turare da sabulu. Saura wata biyu da rabi kacal.

Ni dai na yi niyyar bin maganar Baba, Allah ya sani. Sai dai katangarmu ɗaya da Yaya Saratu, yayar Rabilu da ke aure a unguwarmu, kuma Yaya Saratu ba ta iya ganin wasiƙa ta bar ta ta kwana. Rabilu a bayan takardar buhun siminti yake rubuto mini, ya yage ta murabba'i, ya ninke ƙanana. Wadda ta jawo mini duk wannan bala'i har yau na haddace ta:

"Tsahara hasken idona. Ɗaya ga watan Mayu sallar ma'aikata ta, za a yi wasa babba a Malbaza. Shi na na ƙarshe, na rantse. Ina so in hita cikin irin wagga riga. Tela huɗu na gwada ma, duk sun ce ba ta ɗunkuwa. Na ce masu akwai wadda ta iya. Naki har abada, Rabilu."

A cikin takardar akwai shafi ɗaya da ya yago daga littafin zane-zane na Turawa, irin wanda direbobi ke shigowa da shi daga Najeriya. Wani jarumi ne a tsaye bisa rufin bene, riga ta ɗame shi daga ƙafa har kai kamar fatarsa, fuska a rufe, ido kawai. Rabilu ya zana kunama da biro a ƙirjin mutumin, ya rubuta a ƙasa: Kunamar Malbaza.

Na yi dariya har da hawaye. Bayan na gama dariyar kuma na zauna ina duban hoton da idon tela, ina neman inda aka haɗa kafaɗa. Ku fahimce ni, shekara bakwai ina taka keken ɗinki a gidanmu, amma Baba bai taɓa bari na taɓa rigar namiji ba, sai kalmasa zani da facin wandon yara. Ga mutum ya tsaya gaban teloli huɗu maza ya ce akwai wadda ta fi su. Son Rabilu ya ja ni, ba na musu, amma rabin abin girman kai ne tsagwaronsa.

Yadin shi ne wahala ta farko. Babu mai sayar da yadin roba mai miƙewa a kanti a Konni ta lokacin. Sai da Yaya Saratu ta bi 'yan gwanjo rumfa-rumfa tana tono dila, ta tattaro matsattsun wanduna na matan Turawa masu motsa jiki, da kayan ninkaya, da gajerun wanduna na masu tseren keke. Mai gwanjon har ya tambaye ta ko rawa za ta fara a gidan miji. Muka ware jajaye guda tara, baƙaƙe huɗu, da rawaya ɗaya saboda kunamar. Na zauna da reza na farke su ɗaya bayan ɗaya, na wanke, na shanya a cikin ɗakinta don kada a hango daga kan katanga.

Sai awo. Na ce ni ba zan gan shi ba, alkawari ne. Ranar Lahadi da ya zo, Yaya Saratu ta shimfiɗa takardun siminti a tsakar gida, ta kwantar da shi a kai, ta zagaye shi da gawayi. Da ta kawo mini zanen, hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo, kan kuma ya yi girman ƙwarya.

"Yaya Saratu, wanga mutum na ko kada?"

"Motsi shika yi! Da na taɓa haƙarƙarinai sai shi hau dariya. Ke, in aikin kirki kike so, taho ki auna abinki da kanki. Baba na kasuwa, wa ka hwaɗa mashi?"

Lahadi ta gaba na tsallaka. Na karya sharaɗin Baba da tef ɗin awo a wuyana. Rabilu na tsaye daga shi sai singileti, ya buɗe hannuwa yana kallon sama kamar mutumin kirki, ni kuma ina zagaya ƙirjinsa da tef.

"Ki auna da kyau, hajiya tela," ya ce a hankali. "Wurin nan na zuciya, ya hi ko'ina kumburi."

"Ka yi shiru ko in soka maka allura."

"Soka. Na ji daɗi."

Keken Yaya Saratu tsoho ne na ƙafa, miƙaƙƙen ɗinki kawai ya sani. Da na sa yadin roba a ƙarƙashin allura sai ya riƙa tauna shi, yana tsallake ɗinki, yana cusa shi cikin rami. Allura uku na karya a wuni ɗaya. Daga baya na gano in na shimfiɗa takarda a ƙarƙashin yadin yana tafiya lafiya lau, in an gama a yage takardar. Takardar da ke kusa da ni kuwa wasiƙun Rabilu ne. Haka na bi ta kan "hasken idona" da "naki har abada" da allura, na yage su guntu-guntu.

Gwajin farko abin kunya ne. Yadin roba ƙasa da awon mutum ake yanka shi don ya kama jiki, wannan na gane da kaina. Abin da ban gane ba shi ne yadin na miƙewa, zaren ba ya miƙewa. Rabilu ya shiga ɗaki ya sa, ya fito yana taku, ya durƙusa zai nuna mana yadda zai ɗaga buhu, sai ji muka yi ɓarrr, tun daga gwiwa har gadon baya. Yaya Saratu ta faɗi ƙasa tana riƙe ciki. Shi kuma ya ja da baya da baya ya koma ɗaki.

Ni ban yi dariya ba, raina ne ya ɓaci. Na aika aka sayo mini zaren nailan na masu gyaran takalmi. Na koma kan keke, ina jan yadin da hannu biyu yana miƙe ina takawa, layi uku-uku a kowane haɗi, sannan na bi da hannu na yi masa ɗinkin karkace. Kwana goma sha ɗaya na yi, yatsuna duk suka farfashe. Da na gama, ni da Yaya Saratu muka kama ƙafa ɗaya-ɗaya muka ja iya ƙarfinmu, ko ƙara bai yi ba. Na ɗora kunamar rawaya a ƙirji, wutsiyarta ta hau kafaɗar hagu. Wallahi ta yi kyau, har yau in na tuna sai na ji haushin yadda ta yi kyau.

Abu ɗaya ya gagare ni, zif. Duk wanda na sa a baya sai ya tattare ya yi tudu, dogon kuma babu shi a kasuwa. Hular fuskar ma da ya yi alkafura sai ta juya, ramin ido ya koma kunne. Sai na yanke shawarar da teloli ke yi wa amarya in riga ta ƙi zama: a sa wa mutum, a ɗinke a jikinsa, in an gama biki a farke.

Safiyar ɗaya ga wata, Baba ya ɗaure rigunansa ya tafi cin kasuwar Tungar Labbo, wani ƙauye a bakin titi tsakanin Konni da Malbaza. Na ce wa Inna zan raka Yaya Saratu gaisuwar mara lafiya. Inna ta dube ni ta ɗan jima, ta ce in dawo kafin la'asar.

A gidan Yaya Saratu, Rabilu ya zauna a kan turmi, na tsaya a bayansa na ɗinke gadon bayan daga ƙugu har wuya. Na ja hular ta rufe fuskarsa, saura ido biyu da 'yar tsaga a baki, na haɗe ta da wuyan rigar, zagaye uku da zaren nailan. Ina ɗinki ina jin numfashinsa a yatsuna.

Yaya Saratu ce ta fara jin wani abu a jikinta.

"Ni hwa hankalina bai kwanta ba. Kun manta abin da anka yi hanyar Alela?"

Babu wanda ya manta. Sati biyu kafin nan 'yan fashi sun tare fatake masu dawowa daga kasuwa, fuskokinsu a rufe da safar mata. Sun sassare mutum uku da adda, ɗaya saurayi ne ɗan Tungar Labbo, sai da aka haɗa shi a tabarma kafin a kai wa uwarsa. Tun daga ranar kowane ƙauye ya kwana da gora a hannu.

"Haba Yaya," in ji Rabilu, muryarsa na fita a toshe. "Kaftani zan ɗora bisa, in naɗa rawani, in sa tabarau. Wa ka kula da mai rawani bisa moto?"

Da ya naɗa kuwa, ba ka ce ba Buzu ba ne zai je cin kasuwa. Na kama hannun kaftaninsa.

"Ka ji ni da kyau. Kada ka tsaya Tungar Labbo, Baba na can. Ko mi ya hwaru, wuce."

"Ko taya ta hwashe, bisa ƙarhe zan wuce. Ke dai ki taho da almakashi, kada in kwana ciki."

Ya tada moton nasa, wato babur, ya tafi. Mu kuma muka shiga motar haya, almakashi na cikin jakata. Na yi lissafin Baba, na yi lissafin jandarma a shinge, amma ban yi lissafin rana ba. Watan Mayu ne, zafin da ke narkar da kwalta, ni kuma na rufe mutum ruf a cikin roba, ya ɗora kaftani da rawani a kai. Daga baya aka ba ni labari: yana isa Tungar Labbo jiri ya ɗebe shi, ya sauka daga titi ya faɗi gefen rijiya. Ya rarrafa wurin mata masu ɗibar ruwa, ya warware rawanin don ya sha. Suka ga jar fuska babu hanci babu baki.

Motarmu ta iso ƙauyen ta tarar titi ya toshe da mutane. Direba ya leƙa ya ce ɓarawo aka kama. Wata tsohuwa a kusa da ni ta ce Allah shi ƙara. Ni kuwa ta tagar na hango moto a kwance, tayarsa ta gaba na juyawa.

Ban san yadda na fita ba. Na ji dai takalmina ɗaya ya cire, na bar shi. Ina kutsawa tsakanin maza ina jin ƙarar, tim, tim, irin ta dakan gero, kuma kowace ƙara da ihu a bayanta.

"Ɓarawo na! Cikinsu shike!"

"Ku kashe shi!"

Sun yage kaftanin sun yar. Rabilu na ƙasa a dunƙule, ja jawur a cikin ƙura, mutum ya fi ashirin a kansa da gora da taɓarya da itacen rumfa. Wani ya ɗaga dutse da hannu biyu ya sauke masa a gwiwa, na ji ƙarar ƙashin daga inda nake. Hannunsa na dama ya riga ya karye, yana lilo ta inda hannu ba ya lanƙwasa. Da na hagun yake ta yaƙushin wuyansa, yana jan hular, yana son ya nuna musu fuskarsa. Rabin mutanen nan sun san shi, sun sha tafa masa a filin wasa. Yana ja, robar na miƙewa tana komawa. Ɗinkina ko gezau bai yi ba.

Yana magana, amma jini ya cika tsagar bakin, sai gurnani ke fita. Wannan ya ƙara tunzura su.

"Kun jiya? Ba mutum ba na! Tsahi gare shi!"

Mai jagorantarsu wani dogo ne, idanunsa jajaye, ana kiransa Maikano. Shi ne yayan saurayin da aka sassare. Ba ya ihu kamar sauran, dukan kawai yake yi, yana zaɓar wuri, haƙarƙari, ƙugu, haƙarƙari. Da gorarsa ta tsage ya yar da ita ya juya.

"Ku kawo taya. Ku zuƙo mai cikin motonai."

Na san abin da wuta ke yi wa wannan yadi, don na taɓa ƙona guntunsa a fitila na ga ya narke ya manne a yatsana. Na kurma ihu na faɗa kansa da jikina duka. Gorar da aka riga aka ɗaga ta sauka a kafaɗata, ta biyu a bayan kaina, na ga wuta ta gilma. Ɗankwalina ya faɗi. Wani ya kama gashina yana ja.

"Rabilu na! Rabilu na Malbaza, mai ɗaukar siminti da haƙori! Ku bari in gwada maku!"

Maikano ya damƙi hannuna zai fizge ni. Allah ya gafarta mini, almakashin na hannuna, na caka masa a dantse har sai da na ji ya taɓa ƙashi. Ya sake ni yana duban jininsa. Kafin su farfaɗo daga mamakin na juya kan Rabilu, na cusa bakin almakashi a wuyan rigar. Zagaye uku na nailan, jiƙe da jini, almakashi na zamewa. Na ji warin fetur, wani ya fara watsawa, yana sauka a bayana da sanyi. Na bar zaren, na soka ta ramin ido na keta sama. Garin sauri na haɗa da fatar goshinsa, na tsaga shi har cikin gashi. Na kama gefe biyu na yage.

Fuskar da ta fito ni kaina da kyar na gane ta. Ido ɗaya ya rufe, leɓe ya rabe, haƙoran gaba da yake ɗaga buhu da su babu uku. Ya buɗe ɗaya idon ya dube ni.

"Ban tsaya da gangan ba," ya ce. "Ƙishi..."

Wani direban babbar mota ya matso ya sunkuya, sai ya dafe kai.

"Innalillahi! Wallahi shi na. Rabilu na, tare muka lodi."

Mai riƙe da ashana ya mayar da ita aljihu a hankali. Na ga gorori na sauka ƙasa ɗaya-ɗaya, na baya suna zamewa. Amma Maikano bai motsa ba, yana riƙe da dantsensa jini na bin yatsunsa.

"To, an san sunanai," ya ce. "Sanin suna ka hana mutum hwashi? Mi yas sa shi ruhe huska? Wa yaɗ ɗunka mashi wagga riga? Wanda yaɗ ɗunka ta shi ka ɗunka ma waɗanda sunka kashe ƙanena. Ke kuma ɗiyar wa ta, da kinka san wurin yankewa?"

Sai gunaguni ya sake tashi. A daidai lokacin motar jandarma ta iso, mutum huɗu suka diro da bindigogi suka kora mutane baya. Babbansu ya tsuguna ya duba Rabilu, ya sa aka ɗauke shi aka shimfiɗa a bayan mota. Ya ɗaga hular da na yage da bakin sandarsa, ya juya ta, ya saurari Maikano har ya gama. Sannan ya dubi jama'a.

"Sati biyu muna biɗar masu ruhe huska. Wanda yaɗ ɗunka wanga abu zai bi mu, shi yi bayani a ofishinmu. Wa na?"

Ina durƙushe cikin ƙura, kaina babu ɗankwali, rigata jiƙe da fetur da jinin namijin da aka hana ni gani. Duk idanu na kaina. Na san in na ce ni ce, na faɗa wa kasuwa guda cewa na auna jikinsa, na ɗinke shi da hannuna, kuma yau a hannun jandarma zan kwana. Na buɗe baki zan amsa.

"Ni na ɗunka ta."

Ba muryata ba ce. Na ɗaga kai. Baba ne, tsaye a gaban mutane, tef ɗin awonsa a wuya, rigar sayarwa ɗaya har yanzu a rataye a kafaɗarsa. Ban san tun yaushe yake wurin ba.

"Abarshi sunana, tela na ni, kowa nan ya san ni. Yaron ya kawo aiki, na yi mashi. Yarinyar ɗiyata ta, ni na aiko ta da almakashi. Hannun da ta yanka ma, laihina na."

Jandarman ya dube shi, ya dube ni.

"Gaskiya na, yarinya?"

'Yan uwa, wannan ne abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba sai yau. Mutumin nan bai taɓa yin ƙarya a gabana ba tunda aka haife ni. Ya tsaya a kasuwar da ya yi shekara ashirin yana ci da mutuncinsa, ya ɗora wa kansa zargin fashi saboda ni. Kalma ɗaya ce za ta fitar da shi. Na dubi ƙasa na ce, "Gaskiya na."

Aka sa masa ankwa a gaban masu sayen rigunansa. Kafin ya hau motar ya roƙi jandarman minti ɗaya, ya tako inda nake. Ya sunkuyar da kafaɗa, rigar da ke rataye ta zamo ta faɗo a cinyata.

"Ruhe kanki," ya ce.

Na lulluɓa, ina kuka ina cewa Baba ka yafe mini, Baba bari in faɗa musu. Bai ɗaga murya ba, bai ma dube ni ba, titi yake kallo.

"Kin riga kin amsa, ki bar ta haka nan. Ki tahi gida. Ki ce ma uwarki ta sauko da akwatin mutane, a maida masu yau, kahin rana ta hwaɗi."

Ya hau bayan motar da kyar saboda ankwar, ya zauna a ƙasa kusa da Rabilu. Kan Rabilu na bugun ƙarfe da motar ta tashi, sai na ga Baba ya matsa, ya ɗaga kan da hannuwansa biyu a ɗaure ya ɗora a cinyarsa. Na bi motar da gudu da takalmi ɗaya ina kiran sunayensu. Har ta sha kwana ban ga ƙirjin Rabilu ya motsa ba, Baba kuma bai waiwayo ba.